Hortensia Barragan, Matar Akwatin Gawa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Hortensia Barragan a shekarar 1938 a garin Fresnillo da ke ƙasar Meziko. Mahaifinta Eusebio mai haƙar azurfa ne, mahaifiyarta Remedios tana sayar da wainar masara a bakin mahaƙa. A 1946 rami ya rufta da mahaifin, aka yi kwanaki ana jin ƙwanƙwasarsa daga ƙarƙashin ƙasa, yarinyar tana tsaye cikin masu sauraro har ƙarar ta ɗauke. Tun daga lokacin ba ta ƙara kwana a ɗaki da ƙofa a rufe ba.

Karatu da aiki

A 1957 ta koma birnin Meziko ta koyi wasan kwaikwayo, kuma a 1961 ta samu fitowarta ta farko a fim, a matsayin amaryar da aka binne da rai. Da aka ɗaga murfin akwatin, firgicin da ke fuskarta ya sa mai ba da umarnin fim ɗin ya yi mata tafi.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki wannan? Ku mayar da murfin, mu sake ɗauka."

Daga nan duk fim ko shirin talabijin da ke da kabari, ita ake nema. Jama'a suka yi ta yaba gwanintarta, alhali tsoro ne tsagwaronsa. Ta ɓoye al'amarin, domin a masana'antar ba a sake kiran wadda ta ɓata lokacin ɗauka, ga uwa da ƙanne suna ci daga hannunta.

Aure da iyali

Kafintan da ke haɗa akwatunan, Anselmo Quiroz, shi ya ga sawun farce a cikin murfi.

"Baiwar Allah, wannan aikin hannunki ne?"

"Ka rufa mini asiri. In aka ji, na kaɗe."

Bai faɗa wa kowa ba, sai dai ya riƙa cire katakon wajen ƙafa, inda kyamara ba ta gani, don ta ji iska a tafin ƙafarta. Sun yi aure a 1964, suka haifi 'ya'ya uku. Ta nemi ya yi mata alkawarin ƙone gawarta a watsa tokar a fili.

"Ke da kullum kike mutuwa ki dawo cin abincin rana?" in ji shi yana dariya, amma ya ɗauki alkawarin.

Ƙarshen rayuwa

Anselmo ya rasu farat ɗaya a 1999 ba tare da ya sanar da 'ya'yan wannan alkawari ba. Ita ma ta kasa faɗa musu, don sun tashi suna alfahari da cewa uwarsu ba ta tsoron kabari. Ƙanwarta Amparo, mazauniyar Chicago, ita kaɗai ta rage da sanin sirrin.

Rasuwa

Hortensia ta rasu a watan Maris na 2011. Domin girmamawa, 'ya'yanta suka saya mata akwatin ƙarfe mai tsada wanda iska ba ta shiga, aka tura shi cikin ramin ajiye gawa da ke jikin bangon maƙabarta, aka toshe bakin da siminti. Amparo ta iso washegari, simintin ya riga ya bushe. Masu kula da maƙabartar sun ce ta daɗe da kunnenta manne a jikin bangon.

Hortensia ta bar 'ya'ya uku: Fausto, Ofelia da Ramiro.