Na ɗaure ƙafar wanda ya jefi majami'armu

Matan zumunta, ku matso ku ji!

Ina sharar ƙofar gida, maigidana na zaune a gefe, sai na ji rim! Mai babur ya faɗi da buhun albasar garin Jiratawa, ƙafarshi na ta jini. Na ruga, na yage sabon zanena na zumunta na ɗaure mishi. Ya ɗago kai. Ashe Sani ne, wanda ya farfasa tagogin majami'armu lokacin rikici!

Ya ce, "Maman Rahila, ke ce?"

Na ce, "Ni ce. Riƙe ƙafarka!"

Maigida ya ce, "Ai haka Yesu ya koya mana."

Na ce, "Zanenka aka yage?"

Har yanzu raina na tafasa. Don Allah, tausayin da aka yi cikin fushi, Ubangiji na amsar shi kuwa?