Ranar da kwamfutata ta ce Asabar

Shekarun baya, bayan na gama sakandare na koyi rubuta manhaja, wani malamina ya sa ni cikin masu kula da wata manhaja mai kulle saƙonni kada wani ya karanta su a hanya. Gwaji aka ɗauke ni. Akwai 'yan gwaje-gwaje da ke gudana da kansu: in lafiya su yi kore, in an ɓata abu su yi ja.

Gyara ɗan ƙarami na tura. Washegari da na kunna kwamfutata, 'yar gwanjo, sai komai ya yi ja, wai takardar shaidar makullin ba ta aiki. Na ɗauka na buɗe asirin mutanen da ban ma sani ba, kuma kora ta zo.

Mahaifiyata ta same ni ina kuka. Da na yi mata bayani, abin da ta fahimta shi ne na fasa makullin wasu. Nan take ta fara ɗaure mini kaya, wai in tafi wurin gwaggona a Faru har ƙura ta lafa.

Mahaifina mahauci ne, ya shigo daga kara, kasuwar dabbobi, zai yi alwala. Ya leƙa allon, bai iya karanta komai ba sai kwanan wata.

"Ɗiyata, mi ag ga abin nan? Asabar ta ce. Ga kasuwa ta cika, ko akuya ta san yau Talata."

Na duba. Har shekarar ma ba daidai ba. Ashe batirin agogon kwamfutar ya mutu, duk aka ɗauke wuta sai ta koma baya, zuwa lokacin da ba a ma yi takardar ba.

Na rubuta wa malamina. Ya yi dariya, ya ce laifin gwajin ne da ya dogara da agogon kowa, in gyara shi ya riƙe nasa lokacin. Na gyara, ya yi kore, aka bar ni a aikin.

Har yau in na ga ja, sai gabana ya faɗi. Abin da ya canza kawai, yanzu nakan zauna in karanta abin da ya ce kafin in fara kuka.