Filin da Na Hana

Akwai magana guda da na yi a ƙofar masallacin unguwarmu, a Kara-Kara, wadda da ana haɗiye magana bayan ta fita da na haɗiye ta. Duk sanda na ji ƙaiƙayin gero a wuyana sai in tuna inda ta samo asali.

A wani ƙauye kusa da Zermu na tashi, a hannun kakana na wajen uba. Da kaka, in an ɗaure dammunan gero, sai gardi ya zo karɓar lanho, wato haraji, da kakinsa da jar hula da bulala. Kakana yakan ɗaga ni ya jefa cikin rumbu don kada a ƙirga ni. Ina kwance kan zangarniya, ƙaiƙayi na cin jikina, ba halin tari. Wata shekara na leƙa ta tsagar rumbu na ga an cire masa rawani an zaunar da shi a rana, tun hantsi har azahar, matan gida na kallo. Da suka tafi ya fito da ni, ya kakkaɓe mini kai, ya ce: "Kai yaro, duk inda ka zauna, kada ka yarda mai kaki ya zama maƙwabcinka."

Na riƙe. Na zo Damagaram na koyi dukanci, na yi iyali, gemuna ya yi fari, har ya zama in na yi magana bayan sallar la'asar ana saurare. Sai wata shekara mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka ce gwamnati ta ware kuɗi za ta gina ƙaramin ofishin 'yan sanda, fili kawai suke so, wanda ke bayan famfonmu. Na miƙe na ba da labarin rawanin kakana. Na iya ba da shi, har wasu dattawa suka share ido. Na ce mu masu raba rigimarmu ne da kanmu, ba ma buƙatar kowa. Aka bi ni. Kuɗin suka tafi wata unguwa.

Da na koma gida surukata, matar babban ɗana, ta durƙusa ta ajiye mini ruwa ta ce: "Baba, ku ba ku zuwa famfo." Na ce da ita mata ba sa shiga wannan magana.

Ita ke da gaskiya. Filin nan samari marasa aikin yi suka kafa rumfa a cikinsa, suna ɗaga ƙarafa, adduna a ƙarƙashin benci. Ba 'ya'yan aljanu ba ne, wasunsu ni na yi musu huɗuba, amma sun daina jin muryarmu. Ran nan da rana tsaka jikata tana dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, aka fizge jakarta, ta riƙe, aka tsaga mata hannu. Muka kira komisariya, babban ofishin 'yan sanda. Mota guda gare su, tana wani wuri, kafin su iso mun riga mun kai ta likita. Ubanta ya ce karatu ya ƙare. Yarinyar da ke karanta mini takardun magani, wadda ke son zama ungozoma.

Na ce bai ƙare ba. Yanzu ni ke raka ta kowace safiya da sandata, in koma in ɗauko ta, gwiwoyina na ƙara. Ranar Litinin kuwa daga lakwal meri nake wucewa, in roƙi a dawo mana da maganar ofishin nan. Sun san ni, mai gadin ƙofa ma har kujera yake jawo mini. Kullum sai su ce kasafin bana ya rufe, in ce to na baɗi fa. Kuɗin nan ba kyauta ba ne, daga rumfunanmu na kasuwa ake tara su. A gina ofishin, a sa mai a mota, a biya 'yan sandan albashin da zai hana su miƙa hannu, don ɗan sanda mai yunwa shi ne gardin da na gani ta tsagar rumbu. In kuma suka zo suka cire wa wani tsoho hula, ni ne na farko da zai tsaya a ƙofarsu.

Abokaina na masallaci suna cewa na lashe maganata. E, na lashe. Ɗayansu ya ce kakana na kabari yana jin kunyata. Na ce masa kakana jikansa ya ɓoye a rumbu, ni ma jikata nake tsarewa, kuma ita ba za ta shiga rumbu ba.

Kai da ke karanta wannan, in aka tara ku kan irin wannan magana, kafin ka miƙe ka koma cikin gida ka tambayi masu zuwa famfo. Kada ka yi yadda na yi. Jarrabawar jikata saura wata uku, ina roƙon Allah ƙafafuna su kai.