Jijiyar Ƙeyar Mairama Mai Kitso

In kana neman Mairama a Isa ba sai ka tambayi gida ba, bi inda dariyar mata ke tashi. Nan za ka iske ta, kan wata bisa cinyarta, yatsu na gudu. Da kitson nan ta riƙe 'ya'yanta tun rasuwar maigidanta.

Shekarun da ruwa ya ɗauke, gero ya bushe tun bai fidda kai ba, sai ciwon kai ya sa ta gaba, kullum ta gefen hagu. Kowa ya ce rana ce da zaryar rijiya. Taubashinta Kalilu wanzami, abokin tsokanarta tun ƙuruciya, shi ya ɗauki abin nasa. Da ciwon ya taso sai ga shi da zabira, ya tsattsaga gaban kunne, ya kafa ƙaho.

"Kan ga naki ba komi ciki sai gulma," in ji shi. "Ita za ni zuƙewa."

"Ja sannu, tsoho, kada ka haɗiye ta."

Rannan tana tsakar kitso, tsinke ya suɓuce daga hannunta na dama, ta kasa ɗauka, hannun ya mace. Hannun ya dawo, ya sake tafiya. Daga asibitin Sakkwato anka tura su wani babban asibiti, Kalilu na biye.

Likita ya yi musu bayani dalla-dalla. Hanyar jini ce ta tsuke cikin kai. Za a janyo wata jijiya daga fatar kai a haɗa ta da ta ƙwaƙwalwa, jini ya samu wata hanya. Ta gaban kunne aka saba ɗauka, to amma ta Mairama askar wanzami ta bi ta kanta sau da yawa, tabo bisa tabo, ba ta aiki.

Kalilu ya duƙar da kai.

"Akwai ta ƙeya," in ji likita. "Ta fi wuyar fiddawa, amma taki lafiya lau take."

Mairama ta dubi taubashin nata da wutsiyar ido. "Ka ji ko? Allah ya taimake ni da ragon wanzami. Ko sau ɗaya bai taɓa zagayawa baya ba." Sannan ta rage murya. "Likita, hannuna fa?"

"Abin da muke nema, kada ya ƙara tafiya. Sauran sai a hankali."

Anka yi aiki, ta dawo gida da rabin kai a aske. Watanni tana murza ƙwallon goruba cikin tafi. Ranar da ta ce ta shirya, maƙwabciyarta Nana Hauwa ta kwance kallabi ta ba da kai. Kitson da a da ake gamawa kafin hantsi ya kai su la'asar, tsagar ma ta ɗan karkace. Amma da hannun dama ta tufke jelar ƙarshe, ta ɗaka wa Nana Hauwa duka a kafaɗa.

"Tashi, kin cika nauyi. Wa ke biye?"