Alayyafo Marar Huda

Tun kafin in shuka ko ƙwaya ɗaya a gidan nan, bakin 'yata nake tsoro. Duk abin da hannunta ya taɓa sai ya kai baki: tsakuwa, murfin kwalba, kashin akuya, har gefen zanina. Ita ce ta fari, ba na kiran sunanta, a nan ma ba zan rubuta shi ba. Lokacin shekararta ɗaya da wata biyu, tana tafiya tana faɗuwa. Ni kuwa na taɓa ganin abin da maganin gona yake yi. A ƙauyenmu Kutemeshi, ina ƙarama, babana ya zuba irin masara mai jan magani a faifai, ya shiga ɗaki ɗauko fartanya, kafin ya fito kajin innata sun ci. Ina tsaye ina kallo suna juyi a ƙasa, baki a buɗe, har suka miƙe ƙafa. Tun daga ranar, ko kwalbar magani na gani an yar a hanya sai na ratse.

Da daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga muka taso daga ƙauye, muka sami ɗaki a gidan yayar maigidana a unguwar Magajin Gari. Yaya nake ce mata. Shi yana haya da mashin, da damina kuma yana goya tankin feshi, yana yi wa mutane aiki a gonakin bakin gari, waɗanda ake iya zuwa a dawo kafin la'asar. Ni abin da ya fi damuna a zaman gari shi ne ganye. A gida in an tashi miya, bayan ɗaki mutum zai zaga ya tsinko. A nan sai an sayo, ya zo a yamushe, ba a san me aka zuba masa ba. Ga yarinya ta fara cin abinci.

Bayan ɗakinmu akwai wani ɗan fili, bai fi tabarma uku ba, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Da bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, na roƙi Yaya ta ba ni shi. Ta ce, “Ke dai ba kya rabo da ƙauyanci. Ɗauki, in kin ƙoshi da wahala kya bari.” Na tsince fasassun kwalabe da ledoji, na zuba takin awaki, na kafa karare na zagaye su da tsohon gidan sauro saboda kaji.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, maigidan yana zaune yana goge mashin, na ce, “Malam, abu ɗaya nake roƙo. Tankin nan naka kar ya zago bayan ɗakin nan. Ko ajiye shi kar ka yi a wurin.”

Ya yi dariya. “Ranki ya daɗe, sarkin noma. 'Yar gonar da akuya ɗaya za ta share kafin ta ɗaga kai, wa zai ɓata mata magani?”

“Ni dai ka yi mini alkawari. Yarinyar nan ce za ta ci.”

“Na yi.”

Na shuka alayyafo a tsakiya, kuɓewa irin ta innata doguwa a layi biyu, yakuwa a gefe, kabewa a gindin kara don ta hau. Lalo shi ya fito da kansa. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga Gbagyi ce, Kirista, ta kai sa'ar innata, Mama nake ce mata. Ta leƙo ta ga abin da nake yi, washegari sai ga ta da dashen wata fulawa ruwan ɗorawa a tsohon gwangwani, irin wadda take shukawa a ƙofar cocinsu. Ta ce, “Dasa su gefe-gefe, 'yata. Ƙwari ba sa son warinsu, ido kuma yana son ganinsu.” Ban taɓa shuka abin da ba a ci ba sai ranar.

Ganye na buɗewa ƙwari suka zo. Wasu ƙanana baƙaƙe masu tsalle suka mayar da ganyen kuɓewa kamar rariya. Alayyafon kuma wata koriyar tsutsa ce take naɗe shi ta shige ciki, sai an buɗe a gan ta. Ga fara. Mama ta koya mini abin da take yi. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, in barbaɗa toka. Duk bayan kwana uku in daka ganyen darbejiya da barkono, in jiƙa ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulun salo, in tsoma tsintsiya ina yayyafawa. Tsutsa kuwa da hannu nake tsince ta ina watsa wa kaji. Hannuna ya yi ɗaci har ya zama in na ba yarinya tuwo sai ta tofar tana kuka, dole na koma ba ta da cokali. Barkono ya shiga idona ba sau ɗaya ba. Ƙwarin sun ragu, amma ba su ƙare ba. Maigidan yakan tsaya yana kallona ina durƙushe, ya girgiza kai ya wuce.

Ana nan sai abin ya juya gaba ɗaya. Cikin mako guda sabon tofon alayyafo ya fito da faɗi, kore shar, babu huda ko ɗaya. Kuɓewa ta miƙe. In buɗe ganye in duba, babu tsutsa. Na ce alhamdu lillahi, darbejiya ta yi aiki.

Asabar da Lahadi da safe ina zuwa Islamiyyar matan aure, can ne ma nake ƙara gyara rubutuna, don aji huɗu na tsaya a firamare. In zan tafi, wurin Yaya nake barin yarinyar. A makarantar na cika baki, ba zan ɓoye ba. Na koya wa mata yadda ake daka darbejiya, har da yawan barkonon. Na riƙa ƙullo alayyafo ina kai musu. Akwai wata mai jego da muke zama tabarma ɗaya, na kai mata sau biyu, na ce, “Ci hankalinki kwance, wannan ko warin magani bai taɓa ji ba.” Waɗanda suka gwada a gidajensu suka dawo suna cewa nasu bai yi kamar nawa ba. Na ce wataƙila ba su bari ya kwana ba.

Na ga alamu, wallahi na gani. Kabewa ta yi fure amma babu ƙudan zuma a kai, 'ya'yan suna fitowa kamar ƙwai su yi rawaya su faɗi. Wani jan-gwada da yake zama a kan katanga yana jiran fara ya ɓace. Na tsinci kwaɗo a mace a makwarara. Wata Lahadi na dawo na ji wani wari mai hawa kai, na ce kayan aikin maigidan ne da ya shanya a igiya. Mama ma ta leƙo wata rana ta daɗe tana kallo, ta ce, “Naki ko huda ɗaya babu? Zo ki ga nawa, toka ɗaya muke zubawa.” A raina na ce hassada ce. Wannan har yau in na tuna ina jin kunya.

Wata Litinin na yi faten tsaki, na cika shi da alayyafo da yakuwa. Yarinyar ta sha sosai, har tana miƙo kwano. Ana kiran azahar ta fara amai. Sai zawo. Yawu yana dalala kamar an buɗe famfo, jikinta ya saki, wuyanta ba ya tsayawa. Maigidan ya dawo cin abinci ke nan, ya ɗauke mu a mashin sai asibiti. Ina rungume da ita a tsakiyarmu ina kiran sunan da ban taɓa kira ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta buɗe idon yarinyar ta duba, ta tambayi abin da ta ci. Na faɗa. Ta ce, “Ganyen daga ina? An yi masa feshi?”

Na ce, “Wallahi tallahi ba a yi ba. Ni na shuka shi da hannuna a bayan ɗakina. Toka ce da darbejiya kawai.”

“Babu maganin gona a gidan?”

“Akwai, amma a rataye yake a zaure, ba ya zuwa inda take.”

Maigidan yana tsaye a bayana. Na waiga don ya sa baki, na ga makullin mashin yake juyawa a hannu yana kallonsa. Bai ce komai ba. Na ɗauka tashin hankali ne ya hana shi magana, har tausayinsa na ji.

Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, muka kwana biyu, Allah ya tashi kafaɗunta. Ba a faɗa mini takamaiman abin da ya same ta ba. Yaya ta ce haƙori ne. Wata ta ce ruwan rijiya ne na sabuwar damina. Ni ma har yanzu ba zan rantse in ce ganyen ne ba.

Ranar da muka dawo, na ga ta rame, na ce bari in yi mata 'yar miyar ganye mai ruwa-ruwa. Na ɗauki kwano na zaga baya. Na sa hannu ke nan sai na ji Yaya daga bakin madafa: “Ke, bar wannan tukuna. Bari ya cika kwana bakwai.”

Na ce, “Kwana bakwai daga me, Yaya?”

Ta ci gaba da gyara itace a murhu.

“Yaya, daga me?”

Ta ce, “Ke ma dai da tambaya. Mijinki ne, tausayinki ya ji. Yana ganin yadda kike dakan darbejiya kamar baiwa, hannu duk ya tsage. In kin tafi makaranta sai ya ɗan watsa ragowar na masara. Ni na ce kar a faɗa miki, na san halinki, yanzu kya ɗaga wa mutane hankali.”

“Yarinyar tana ina in yana yi?”

“Tana nan tsakar gida mana. Ina za ta?”

Na ajiye kwanon a ƙasa. Na zauna a bakin ɗaki har la'asar, ban hura wuta ba. Da ya shigo da mashin ban bari ya kashe shi da kyau ba.

“Malam, sau nawa?”

Ya dubi ɗakin Yaya, ya dube ni. “Uku ne. Ko huɗu. Ragowar tanki ce fa, ruwa ya fi yawa. Ganyen kasuwa da kowa yake ci, me kike tsammani ana yi masa?”

“Shi ya sa na shuka nawa.”

“To ba ga shi ya yi kyau ba? Ke da kanki kina murna.”

“Ran Lahadi ka yi, ran Litinin ka ga ina yanka shi. Ka wuce ta gabana da buta.”

“An yi ruwa da dare, na ɗauka ya wanke.”

“A asibiti fa? Ina rantsuwa da Allah, kana tsaye. Da ka faɗa musu, ai sun san abin da za su ba ta.”

Ya jingine mashin. Sannan ya ce, a hankali, “A gaban mutane? Me za a ce da ni?”

Wannan maganar ita ce ta tsaya mini. Feshin zan iya cewa tausayi ne da rashin sani. Amma 'yarsa tana kwance wuya ba ya tsayawa, shi abin da za a ce da shi yake tunani.

Asabar na goya yarinyar na tafi makaranta da ita. Kafin malama ta shigo na tashi na faɗa wa mata gaskiya: alayyafon da na ba ku an yi masa feshi, ban sani ba, kuma darbejiya ba ta hana huda gaba ɗaya, ragewa take yi, naku da kuka ce bai yi ba shi ne daidai. Mai jegon nan ba ta zo ba, na bi ta har gida. Ta ce ba abin da ya same su, ta yafe, amma na ga yadda ta ƙara jawo jaririnta jiki. Kafin magariba magana ta zaga unguwa. Maigidan ya ce na tona masa asiri. Yaya ta yi sati ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Na tuge alayyafon da yakuwar da lalon, na haƙa rami na binne don kar awaki su ci. Kuɓewar na bar ta ta bushe a tsaye saboda iri, shi ke nan abin da ya rage mini na innata. Fulawar tana nan tana ta fure, ba ruwanta. Na je na ba Mama haƙuri, ko da yake ba ta san laifin da na yi mata a zuci ba. Ta ba ni wani lungu a gidanta kusa da turken akuya, na sake shuka alayyafo. Duk huda ne, wani ganyen rabinsa tsutsa ta cinye. Shi nake tsinkowa in wanke in dafa wa yarinyar.

Muna nan tare da maigidan. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kayan feshi daban, da bokiti daban. Ya kawo mini irin tumatir a takarda wata rana ya ajiye a kan taga. Yanzu in ya ce mini ya sa wa randa murfi, sai na tashi na duba. Ba na so in zama haka, amma ƙafata ce take kai ni.

Kai mai karanta wannan, ko ke, in akwai tankin feshi a gidanku, ga roƙona. Ban ce kar a yi feshi a gona ba, na san tsutsa ba ta barin masara. Amma in ka fesa wa abin da ake tsinka a ci, ka faɗa wa mai tsinka, a ranar, ko da za ta yi faɗa. In kuma yaro ya kwanta aka tambaye ka a asibiti, ka faɗi sunan maganin, ka kai musu kwalbar.