Kwalin Jirgin Ɗana

Shekarun baya, lokacin da nake zuwa biɗar kuɗi Abijan kamar sauran mazan Adar, na sayo wa ɗana jirgin ƙasa na wasa. Ƙasarmu ba ta da dogo. Ni kaina sai a Wagadugu na fara ganin jirgi, kuma na so yaron ya san abin da ke ɗauke masa uba duk bayan girbi. Na ƙarfe ne, ana murɗa masa makulli ya yi ta zagaye. Ya zo cikin kwali mai kauri, da hotonsa ja bisa murfi, a ciki kuma kowane tarago da gurbinsa.

Ni mutum ne mai son tsari, har abin ya yi yawa. Ranar da na iso garinmu Babankatami na kafa doka. Ana fito da jirgi ranar Juma'a bayan masallaci. A shimfiɗa tabarma tukuna, sannan a haɗa dogo, sannan a murɗa. In an gama a goge kowane tarago, a mai da shi gurbinsa, a ɗora kwalin bisa ragaya saboda gara. Matata ta sha roƙona in bar mata kwalin ta zuba zare da allura, na hana. Wani abokina mai butiki, wato kanti, a Madawa ya taɓa gaya mini cewa darajar kayan Turawa tana ga kwalinsu, na riƙe maganar kamar karatu. Matata takan ce ita ma da cikin kwali aka kawo ta gidana, da ta ga kulawa.

Sai farin tsakiyar shekarun tamanin ya zo. Hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba. Rumbu ya ƙare, bisashe suka yi ta faɗuwa har ya rage mana akuya ɗaya. A wannan shekara aka haifa mana ɗiya. Yunwa ta ƙafar da nonon uwarta, sai nonon akuyar nan ya zama shi ke riƙe da ranta. Ita kuma akuyar ba abin da za ta ci, don ko karan darni an zare an ba dabbobi.

Na tafi Madawa neman dako, ban samu na kirki ba. Da ƙyar na daure na yi wa abokina maganar jirgin. Ya ce akwai wani ma'aikaci da ke neman irinsa don ɗansa, zai ba ni hatsin da zai ɗauke mu ɗan lokaci. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka ji, mutumina, da kwalinsa. In babu kwali tarkace ne, ba mai saye a shekara irin wagga."

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa gida ina yaba wa kaina. A raina na ce yau za a san amfanin doka.

Na iske ragaya wayam. Jirgin yana cikin ƙwarya an rufe da faifai. Na tambayi kwali, matata ta nuna mini akuya. Ta ce bayan tafiyata akuyar ta kwanta, nono ya ɗauke. Ta ga maƙwabta suna jiƙa kwalayen sukari da ruwan kanwa suna ba dabbobi, ita ma ta sauko da namu, ta yayyaga, ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Akuyar ta miƙe, nono ya ɗan dawo.

Na gaya mata abin da abokina ya ce, da murya mai kaushi. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, ba ka nan. Ɗiyar tana kuka, kwalin yana bisa ragaya. Wanne kake so in aje maka?"

Duk da haka na koma Madawa da ƙwaryar. Abokina ya duba, ya girgiza kai, ya auna mini ɗan hatsi don zumunci, ya mayar mini da kayana. Akuyar ba ta jima ba ta sake kwantawa, muka yanka ta kafin ta mutu. A cikin tumbinta na ga dunƙulen kwali bai narke ba, jan hoton nan yana nan. Ɗiyar ta rasu kafin abincin agaji ya iso wajenmu.

Har yau ban san wa ke da gaskiya ba. Da kwalin ya tsaya, wataƙila uwar ta ci ta ƙoshi, nononta ya dawo. Wataƙila kuma da na iske an riga an binne yarinyar. Ni da matata ba mu sake tada zancen ba har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu in jikokina sun sayo abu suka tambaye ni ko su yar da kwali, nakan ce su aje. Suna tsammanin don ranar sayarwa nake nufi, ba ranar yunwa ba, ni kuma ban gyara musu ba. Jirgin yana nan cikin ƙwaryar. Ɗana bai sake neman a fito da shi ba tun shekarar nan, ni ma ban sake nema masa kwali ba.