Layi na Tamanin da Bakwai

A kamfanin jigilar kaya Anti Kundi ake ce mata, don komai na ofis yana cikin kanta. Shekara sha tara tana kula da saba, wato manyan kwamfutocin da duk aikin kamfanin ke kansu. Da can da hannu take saita su, tana rawar ɗari a ɗakin da suke gurnani. Yanzu kuwa a fayil ake rubuta komai: saba nawa, wacce za ta fara tashi, wacce ta gwaji, wacce ta aikin gaske. A danna maɓalli, su tashi yadda aka rubuta. Ita ta koya wa ofishin haka, kuma ba ta bari a manta.

Ana saura kwana uku a koma sababbin saba, Manaja ya tsaya a kanta.

"Anti, layi na tamanin da bakwai a fayil ɗin nan fa? Wai sabar direbobi ta jira daƙiƙa tara kafin ta tashi. An kuma rubuta a sama, kada a taɓa. Mu kwashe shi ko mu bar shi?"

"Wane mara aikin yi ne ya rubuta wannan ba dalili?" in ji ta. "Ba ni lokaci zuwa Alhamis."

Ta cire layin a sabar gwaji, komai lafiya lau. Ta sake gwadawa, sunayen direbobi suka ɓace. Ta mayar da shi, suka dawo, can kuma suka sake ɓacewa. Ta mai da tara takwas, abu ya yi aiki sumul har ya ba ta haushi. Kanta ya ɗaure tamau.

Ta kira Baba Waya, wanda suka fara aiki tare kafin ya yi ritaya.

"Tara? 'Yar nan, ni da ko magani sai an tuna mini?"

A gida ta zuba wa maigidanta gishiri a shayi. Ya kurɓa, ya dube ta.

"Maman yara, me kike ƙirgawa ne tun ɗazu?"

Ashe da yatsu take ta ƙirga tara.

Ran Laraba ta tono tsohuwar ma'ajiyar da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi. Ta riga ta tanadi kalaman da za ta yayyafa wa mai laifin. Sai ga sunanta. Kwanan watan kuwa makon da ta dawo daga hutun haihuwar autarta ne. Ta tuna atamfar da ta sa, ta tuna kujerar da ke ƙara, ta tuna har ƙamshin hodar jariri a mayafinta. Dalilin tara ne kawai babu shi, ko sama ko ƙasa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a wurin aiki ba.

Ran Alhamis aka cika ɗakin taro.

"Anti, an gano mutumin?" Manaja ya tambaya.

"Ni ce."

"Alhamdu lillahi, an huta! To mene ne dalilin?"

Kowa ya ɗaga biro yana jira. Da ta ƙirƙiro wani abu, wallahi da sun rubuta.

"Ban sani ba," ta ce.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mata sauƙi. Manaja ya yi gyaran murya, ya juya ga na kusa da ita.

"Dogo, kai me ka gani?"